Tuwon Gida a Bakin Tasha

A kowace unguwa akwai matar da aka san hannunta. Ba ta talla, ba ta kafa allo a ƙofar gida, amma ranar suna ko biki ita ake aikawa a kira ta zo ta kaɗa miya. In ta tuƙa tuwon dawa ba ka jin gudaji, in ta kaɗa kuka yara har gindin tukunya suke suɗewa. A kwana a tashi sai wani ya ce mata, "Iya, wannan hannun naki ai asara ake yi da ya tsaya a cikin gida. Ki fita da shi mana." Sai ta nemi rumfa a bakin tasha, ta kafa murhu, ta jera benci biyu, ta ajiye bokitin wanke hannu.

Daga ranar tukunyarta ta samu alƙalai kashi biyu. Ƙanwar mijinta ta biyo ta rumfar, ta gutsiri loma, ta tauna a hankali tana kallon rufin kwano. "Yaya, daddawar nan kin rage ta. Ko don kada baƙi su ce tana wari?" Ba ta ce uffan ba game da laushin tuwon, ko gishirin da ya ji daidai, ko man shanun da ke yawo a kan miyar. A ɗaya bencin kuma ga direban babbar mota da ya saba da shinkafa da miyar dage-dage. Ya leƙa tukunya, ya yamutsa fuska. "Hajiya, wannan ai na 'yan gida ne. Babu na matafiya?" Shi ko hannu bai wanke ba tukuna. Ita ta ɗanɗana tana neman abin da aka cire, shi ya yanke hukunci tun daga ƙamshi.

Haka aka yi wa wata ƙungiyar mawaƙan Kirista ta Amurka mai suna Jars of Clay, musamman a kan kundin waƙoƙinsu na biyu, Much Afraid, wanda ya fito a watan Satumba na 1997. Labarin yadda masu sharhi suka karɓi wannan kundi ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna wani ciwo da ke damun sharhi a duk inda fasaha ta taso daga ɗakin ibada ta nufi kasuwa.

Samari ne 'yan makaranta suka kafa ƙungiyar a kwalejin Greenville, wata ƙaramar makarantar Kirista a jihar Illinois, a 1993. Dan Haseltine ne mai rera waƙa, Charlie Lowell na kan fiyano, Stephen Mason da Matt Bronleewe na kaɗa jita. Sunan ƙungiyar daga wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa suka ɗauko shi, sura ta 4 aya ta 7, inda ake maganar dukiya a cikin tukwanen ƙasa. Waƙoƙinsu na farko aikin aji ne, don a ba su maki a darasin kiɗa da naɗar sauti. Suka tara su a wani faifan gwaji mai suna Frail, a 1994 suka shiga gasar da ƙungiyar mawaƙan bishara ta Amurka ke shiryawa a Nashville, suka cinye. Kamfanoni suka yi musu ca. Uku suka bar karatu suka koma Nashville, Bronleewe ya zauna ya ƙarasa nasa, Matt Odmark, abokin Lowell tun suna yara, ya maye gurbinsa.

Kundinsu na farko, mai ɗauke da sunan ƙungiyar, ya fito a watan Oktoba na 1995 daga kamfanin Essential. Girki ne na masu ƙaramin jari amma masu hannu. Jitar katako ce kan gaba, ba ta lantarki ba. Gangar galibi ba mutum ke kaɗa ta ba, na'ura ce ke maimaita bugu ɗaya. A saman wannan aka zuba gogen Turawa da sarewa, aka jera muryoyi a kan juna. Waƙar buɗewa, Liquid, a kan gicciye take, da wani amo irin na rerawar sufayen coci na zamanin da. Wata mai suna He a kan cin zarafin yara take. Waƙoƙi biyu, Liquid da Flood, Adrian Belew ne ya tsara naɗarsu, makaɗin jitar da ya yi aiki da Frank Zappa da David Bowie da ƙungiyar King Crimson, mutumin da ba a harkar waƙar coci ya yi suna ba.

Yadda wannan tukunya ta isa tasha ba sa'a ce kaɗai ba, akwai harkar kasuwa a ƙarƙashi. A farkon shekarun 1990 manyan kamfanonin waƙa suka gano cewa akwai kuɗi a Nashville, suka shiga sayen kamfanonin bishara. EMI ya sayi Sparrow a 1992. Zomba ya sayi Brentwood, uwar Essential, a 1994, kuma Zomba ɗin nan shi ke da wani kamfani mai suna Silvertone wanda ke hulɗa da gidajen rediyon gama-gari. Saboda haka faifai ɗaya ya samu ƙofa biyu: Essential na kai shi shagunan littattafan Kirista, Silvertone na kai shi rediyo da manyan kantuna. A 1995 kuma tsarin SoundScan, wanda mujallar Billboard ke dogaro da shi a lokacin wajen ƙirga cinikin faifai, ya fara haɗawa da cinikin shagunan Kirista. Cinikin da a da ake yi ba mai gani sai ya bayyana a jadawalin ƙasa. A ƙarshen wannan shekara kundin Jesus Freak na ƙungiyar mawaƙan Kirista DC Talk ya shiga jadawalin a lamba ta 16, mutanen waje suka fara tambayar su wa ne waɗannan.

Flood, wato ambaliya, ita ce ta jawo matafiya. Waƙa ce mai sauri, jita na karta, a tsakiya komai ya lafa goge ya karɓa, sannan a dawo da ƙarfi. Mai waƙar yana cikin ruwa da taɓo, ruwan kwana arba'in irin na zamanin Nuhu, yana roƙon a ɗaga shi, amma bai ambaci sunan wanda yake roƙo ba. Ɗan coci ya ji addu'a. Wanda bai taɓa taka coci ba ya ji kukan mutumin da duniya ta danne. A 1996 waƙar ta kai lamba ta 37 a babban jadawalin Billboard, tashar MTV ta riƙa nuna bidiyonta, kundin kuma daga baya ya wuce kwafi miliyan 2. Yaran da jiya suke waƙa don maki suka wayi gari suna hawa dandamali ɗaya da Sting da Matchbox Twenty.

Nan ƙanwar miji ta iso rumfa. Wasu daga cikin masu tsananin riƙon addini suka fara gunaguni: me ya kai mawaƙan Kirista wuraren da ake sayar da barasa, me ya haɗa su da mawaƙan duniya? Wannan ƙorafi ba a kansu aka fara shi ba. Mawaƙiyar Kirista Amy Grant ta sha irinsa a 1991 da waƙarta ta soyayya Baby Baby ta hau lamba ta 1. A cikin masana'antar waƙar Kirista har akwai wata ba'a da ta zama kamar ma'auni, wai a ƙirga sau nawa aka ambaci sunan Yesu a minti ɗaya. Da wasa ake faɗa, amma da gaske ake aiki da ita a wasu gidajen rediyo. Awon daddawa ke nan: a zuba cokali kaza, in ya gaza miya ba ta gida ba ce.

Har hukuma ta shiga awon. A 1998 ƙungiyar mawaƙan bishara, wadda ke ba da lambar yabo ta Dove tun 1969, ta rubuta sharuɗɗan da kalmomin waƙa za su cika kafin a kira ta waƙar bishara: ko ta ginu a kan koyarwar Littafi Mai Tsarki, ko ta zama yabo da sujada, ko shaidar dangantaka da Allah ta wurin Almasihu, ko a ga a fili cewa tunanin Kirista ne ya haife ta. Da wannan ma'auni aka hana waƙar Kiss Me ta ƙungiyar Sixpence None the Richer shiga takara, waƙar da ta kai lamba ta 2 a Amurka a 1999. Masu ita Kiristoci ne, kamfanin da ya fitar da ita na Kirista ne, laifinta dai waƙar soyayya ce tsakanin mutum biyu.

Bai kamata a yi wa ƙanwar miji dariya ba. Tsoronta yana da tushe. Ta ga masu abinci da yawa da suka fita tasha, aka rage wannan don baƙo, aka cire wancan don matafiyi, har miyar ta koma lami, ba ta gida ba, ba ta waje ba. Iyayen da ke saya wa ɗansu faifai a shagon coci suna da haƙƙin sanin abin da ke ciki. Inda ta kauce shi ne da ta ɗauka yawan daddawa ne kaɗai ke nuna gida. Duk wanda ya taɓa shan miyar da aka cika wa daddawa don a rufe rashin nama ya san yawa ba ya nufin iyawa. Akwai waƙoƙin da sunan Allah ke kowane layi amma babu tunani ko ɗaya a cikinsu, akwai kuma littafin Esta a cikin Littafi Mai Tsarki da sunan Allah bai fito a cikinsa ba, ba a kuwa cire shi ba.

Shi ma direban yana da hujjarsa. Mai sharhin waje ya daɗe da ɗaukar waƙar Kirista ta zamani a matsayin ɗumame, wato abin da wasu suka girka jiya aka ɗora a wuta yau aka sauya masa kwano. Masana'antar ce da kanta ta ba shi wannan sanda. A shagunan littattafan Kirista na wancan lokaci akan manna wani jadawali a bango: in ɗanka yana son ƙungiya kaza ta duniya, saya masa ƙungiya kaza ta coci, sautinsu ɗaya. Wanda ya tallata kayansa a matsayin madadi ba zai yi kuka ba in aka ce kwaikwayo yake yi. Zuwa 2003 abin ya zama abin barkwanci, har shirin zane na South Park ya yi kashi guda a kai, inda wani yaro ya kafa ƙungiyar waƙar Kirista ta hanyar ɗauko waƙoƙin soyayya ya cire sunan masoyiya ya sa na Yesu. Su ma Jars of Clay an riƙa kwatanta su da ƙungiyar Toad the Wet Sprocket, wadda ba su taɓa ɓoye cewa suna ƙaunarta ba. Amma kowane mai girki a hannun wani ya koya. Abin tambaya shi ne me ya yi da abin da ya koya, kuma ba a samun amsar wannan sai an sa hannu a kwano.

A cikin wannan tsaka mai wuya suka shiga sutudiyo don kundi na biyu. Kamar mai tuwon da ciniki ya buɗe mata ne, ta samu kuɗin sayen babbar tukunya, ta bar itace ta koma gas, ta ɗauki mai taya ta. Suka ɗauko Stephen Lipson, furodusa ɗan Birtaniya wanda ya yi aiki da Annie Lennox da ƙungiyar Simple Minds. Aka ajiye na'urar ganga a gefe, aka kawo makaɗi mai hannu da ƙafa. Jitar lantarki ta fito fili, masu goge suka ƙaru, sauti ya yi faɗi ya yi santsi. Waƙoƙi 11 ne a ciki, yawancinsu masu tafiya a hankali, masu nauyin zuciya.

Ga abin da lambobi suka nuna. Much Afraid ya shiga jadawalin Billboard a lamba ta 8, matsayin da kundin farko bai taɓa kusanta ba. A farkon 1998 ya ci lambar Grammy a rukunin waƙoƙin bishara na zamani. Daga baya cinikinsa ya kai kwafi miliyan 1. Ga kowace ƙungiya wannan nasara ce, amma da yake na farko ya ninka haka, sai aka riƙa maganarsa kamar koma baya. Waƙar da aka tura rediyo, Crazy Times, ta leƙa jadawali amma ba ta kai inda Flood ta kai ba. Matafiya sun zo neman ambaliya ta biyu, ba su samu ba, suka wuce rumfar gaba. A gida kuma wasu suka saurari waƙoƙi irin su Tea and Sympathy da Portrait of an Apology, masu magana a kan ɓaraka tsakanin mutane da neman gafara, suka ce ga shi nan, abin da muka ji tsoro ya faru, an rage daddawa.

Wanda ya zauna ya ci a natse zai ga cewa wannan zargi bai tsaya da ƙafarsa ba, tun daga sunan kundin. Much Afraid sunan jarumar wani littafi ne da Hannah Hurnard ta wallafa a 1955, Hinds' Feet on High Places, littafin da ya daɗe yana yawo a gidajen Kirista masu karanta Turanci. Yarinya ce gurguwa, mai karkataccen baki, wadda tsoro ya yi wa katutu. Makiyayi ya kira ta zuwa kan duwatsu, ya haɗa ta da abokan tafiya biyu, Baƙin Ciki da Wahala. Baƙon da ya ga sunan a kantin faifai zai ɗauka yanayin zuciya ne kawai ake nufi. Ɗan gida kuwa daga gani ya san Makiyayin da ake magana. Wato a jikin murfin tukunyar ma an rubuta wa 'yan gida saƙo. Waƙar rufewa kuma sunanta Hymn, an gina ta a kan tsarin tsofaffin waƙoƙin sujada, har da tsohon Turancin da ake rera su da shi. Wanda yake gudun a san daga coci ya fito ba zai rufe kundinsa da irin wannan ba.

Abin da ya canza shi ne irin imanin da ake rerawa. Kundin farko na samari ne da suka ga haske suna ɗoki. Na biyu na mutanen da suka shekara biyu a hanya ne, daga gari zuwa gari, ana yabonsu a nan ana zarginsu a can. Fade to Grey a kan shakka take, lokacin da fari da baƙin da aka koya wa yaro suka fara cakuɗewa. Frail, wadda a faifan gwaji kiɗa ce zalla, a nan an sa mata kalmomi. Doguwa ce, tana farawa da jita ita kaɗai tana maimaita zagaye ɗaya, goge na shigowa kaɗan-kaɗan kamar ruwa na cika randa, murya ta zo a ƙasa-ƙasa tana amsa rauninta ba tare da neman uzuri ba. A wurina ita ce ƙashin bayan kundin, kuma ta fi waƙoƙin yabo da yawa kusa da Zabura, inda Dawuda ke kuka kafin ya yi godiya. Daddawar tana nan, an daka ta ne ta narke a cikin miya, mai neman ƙwayarta da cokali ba zai gani ba.

Wannan ba ya nufin kundin ba shi da aibi. Hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa. Santsin da Lipson ya kawo ya tafi da wani abu. A kundin farko karo tsakanin jitar katako da bugun na'ura shi ne ya ba su kamanni nasu, ko daga nesa ka ji ka san su ne. A na biyu sun fi iya kiɗa amma sun fi kama da kowa, irin ƙamshin hayaƙin itace da ke ɓacewa in an koma gas. Tsakiyar kundin kuma yana yin nauyi, waƙoƙi masu tafiya iri ɗaya sun jeru har kunne ya fara gyangyaɗi. Da an sa mai zafi ɗaya a tsakani da ta farkar da sauran. Irin wannan magana ce mai girki ke buƙatar ji, domin ita ce za ta iya gyarawa gobe. Sai dai ita ce ta fi ƙaranci a bakin alƙalan biyu.

Dalilin ƙarancinta a gida sananne ne. 'Yan gida ba sa cewa tuwo ya yi ƙauri. Kunya ta hana, zumunci ya hana, ga shi kuma ana ganin aikin hidimar Allah ne, wa zai kushe hidima? Mujallun masana'antar, irin su CCM da John Styll ya kafa a 1978, a lokacin suna rayuwa ne a cikin gari ɗaya da kamfanonin da suke sharhi a kansu, tallan waɗannan kamfanoni na cikin abin da ke riƙe su, masu karatunsu kuma masoya ne. A irin wannan zama alƙalami yakan yi laushi a kan fasaha, zafinsa ya tafi ga aƙida. Mawaƙi zai iya fitar da waƙa mara gishiri shekara goma ba wanda ya tanka, ranar da aka gan shi a dandamalin da ba a yarda da shi ba kuwa wasiƙu su cika ofis. Yabon da ba ya iya kushewa kuma ba ya ƙosar da wanda aka yaba, don ya san ko me ya dafa haka za a ce.

Lambar Grammy ɗin ma tana da nata ƙulli. A rukunin bishara aka ba su, kuma a nan aka sake ba su sau biyu a jere, da kundin If I Left the Zoo na 1999 da The Eleventh Hour na 2002. Karramawa ce ta gaske. Amma waƙar bishara na cikin 'yan rukunan da ake warewa bisa abin da kalmomi ke faɗa, ba bisa yadda kiɗa ke tafiya ba. Kunne ba zai raba kiɗan Much Afraid da na sauran ƙungiyoyin rediyo na 1997 ba, duk da haka ba a auna shi da su ba. An ce da mai tuwo ita ce gwanar masu girkin gida, aka kuma gina katanga tsakaninta da sauran rumfunan tasha. Mai sharhin waje da ya ga tambarin sai ya samu dalilin wucewa, ya ce ai suna da nasu alƙalan.

Lokaci ya yi wa ƙungiyar adalcin da sharhin farko bai yi ba. Ba su koma neman Flood ta biyu ba, ba su kuma koma ƙirga suna ba. A 2005 suka fitar da Redemption Songs, tsofaffin waƙoƙin sujada a sabon kiɗa. A 2006 suka fitar da Good Monsters, mai ƙarfin jitar lantarki, bayan sun kafa gidauniyar Blood:Water a 2004 don samar da ruwan sha da yaƙi da cutar ƙanjamau a Afirka. Abin da suka gani a wannan aiki ya shiga waƙar Oh My God, doguwar koke a kan wahalar duniya wadda ba ta ƙare da amsa mai sauƙi ba. Mujallar CCM ta zaɓi kundin a matsayin gwarzon shekara. Abin lura shi ne, shakka da nauyin zuciyar da aka yi musu gunaguni a kai a 1997 su ne aka yaba a 2006. Hannun bai sauya ba, harshen 'yan gida ne ya saba. Daga baya suka kafa kamfaninsu, Gray Matters, suka riƙa fitar da aikinsu da kansu, har zuwa kundin Inland na 2013.

Abin da mai karatu ke bin mai sharhi bashi ba shi da yawa. Ya faɗa masa abin da aka zuba, ya faɗi abin da ya ji daidai da abin da ya yi yawa, ya kwatanta da abin da wannan hannun ya girka a baya da abin da maƙwabta ke girkawa. In yana da magana a kan aƙida ya faɗe ta a fili da sunanta, bayan ya saurara har ƙarshe, kada ya sa ta a madadin saurare. Mai imani yana da damar tambayar ko waƙa ta faɗi gaskiya game da Allah, marar imani yana da damar cewa wa'azi ya gundure shi, amma kowannensu sai ya nuna waƙar da yake nufi da inda abin ya faru a cikinta.

Da wannan ma'auni hukuncina a kan Much Afraid shi ne: ya fi na farko zurfin tunani, na farko ya fi shi kamanni da kuzari, kuma Frail da Fade to Grey da Hymn sun isa su riƙe shi ko da sauran sun yi rauni. Wanda bai taɓa jin ƙungiyar ba ya fara da kundin 1995 don ya san inda suka taso, ya tsallaka zuwa Good Monsters don ya ji inda suka kai, sannan ya dawo kan na 1997. A lokacin zai gane cewa a nan ne suka yanke shawarar irin mawaƙan da za su zama, ko da hakan ya sa sun rasa rabin masu saye.